Yadda Aka Sa Mini Suna Ka-da-Suruki

Ku da kuka zo koyon aiki bana, na ji hirar da kuka yi a teburin mai shayi ranar da muka zuba dakalin makarantar nan ta bayan tasha. Wani cikinku ya ce riƙon tiyo ba sana'a ba ce, duk mai hannu biyu zai iya, inji ne ke aikin. Wani kuma ya tambayi dalilin da ya sa tsofaffin leburori ke kirana Ka-da-Suruki da zarar na ba da baya. Ban ji haushi ba. Gara ku ji daga bakina, don in kuka bari sai a kasuwar Zurmi, za a ƙara masa gishiri. Sunan da ubana ya raɗa mini Lawali, wancan kuwa tiyo ne ya jawo mini shi.

Da dako na fara, a kasuwar hatsi ta nan Kaura Namoda, ina kai buhunan gero tashar jirgi. Da aka ba mu jiha, 'yan kwangila suka cika gari, ko'ina tono, ko'ina rodi da tsakuwa, sai na koma ɗaukar kankare da kwanon sarki. A wani ginin bene na fara ganin injin turo kankare. Da mota aka jawo shi. A bayansa akwai wani babban baki da muke ce wa kwando, nan injinan kwaɓi ke juye kankare, shi kuma ya tura shi ta cikin bututun ƙarfe da aka harhaɗa, har ya fito ta tiyon roba mai kaurin cinyar ƙato. Abin da layin leburori ke kaiwa la'asar suna hawa da sauka a kansa, ya gama kafin azahar. Na tsaya da kwanona a ka ina kallon mutumin da ke riƙe da tiyon, na ce a raina, wannan ya samu banza. Kun ga ni ma na taɓa yin irin maganarku.

Mai sarrafa injin sunansa Isuhu, mutumin Galadi ne, a Kaduna ya koyo aikin. Kunnensa na hagu ba ya ji, kuma akwai wani tabo daga gefen idonsa har cikin gashi. Da na roƙe shi ya ɗauke ni, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya wanki?" Na ɗauka wasa yake. Damina ta zo ta wuce, rani ya shiga, ban taɓa tiyo ana aiki ba. Wankin bututu kawai. A tura ƙwallon soso ta ciki da ruwa, a kankare bakin kowane ɗaya, a wanke maɗauran ƙarfen da ke haɗa su, a duba zoben robar da ke ciki, a tabbatar kowane maɗauri yana da ƙusar da ke hana shi buɗewa. In ƙusa ɗaya ta ɓace, Isuhu ba ya tada inji, ko da ɗan kwangila zai yi ta safa da marwa a kansa. Ya ba ni ƙaramar guduma ya koya mini ƙwanƙwasa bututu. Mai lafiya yana da amo mai nauyi, wanda tsakuwa ta cinye cikinsa kuwa sai ka ji shi fayau kamar gwangwani. Tiyo kuma da tafin hannu ake bin sa daga farko har ƙarshe, ana neman kumburi ko inda wayar ciki ta leƙo.

Ranar da ya fara ba ni tiyo, a wani aikin kwalbati ne kan hanyar Shinkafi. Na rungume shi a ƙirji don na ji nauyi. Isuhu ya kashe inji ya tako har inda nake.

"Mi kaka yi haka? Matarka ce?"

Leburori suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya nuna mini: a gefe ake riƙe shi, da hannu, yadda in ya fizge zai bar ka. Ba a sa shi tsakanin ƙafafu, ba a saɓa shi a kafaɗa, ba a lanƙwasa shi don tsayar da kankare, ba a barin ƙarfe a bakinsa. Sannan ya kama kunnena ya ce, "Kuma ko uwarka ta kira ka daga cikin tiyon ga, kada ka leƙa."

A wannan aikin ne na gane abin da yake tsoro, wato iska. In aka bar kwando ya yi ƙasa, injin sai ya haɗiyi iska maimakon kankare. In kuma an ɗan tsaya, kankaren da ke gaba ya fara daskarewa ya zama toshiya. Da an sake tayarwa, injin yana turowa, iskar tana matsewa a bayan toshiyar, tana tara ƙarfi, tiyo kuwa shiru, babu abin da ke fita. Mai kallo zai ce inji ya lalace. Sa'ad da toshiyar ta saki, tsakuwa kan fito kamar daga bakin bindiga, tiyon kuma ya yi bulala hagu da dama. Abin da ya cinye wa Isuhu kunne ke nan. Shi ya sa dokarsa ita ce, duk lokacin da za a sake tayarwa bayan tsayawa, a kwantar da tiyo, a ɗaure shi a turke, kowa ya ja baya har sai kankare ya dawo yana zuba sumul. In bututu ya toshe, ba mai taɓa maɗauri sai ya juya injin baya ya sauke ƙarfin da ke ciki.

Masu ba da aiki kala-kala ne. Akwai mai cewa a ƙara ruwa don ya yi saurin wucewa, akwai mai ganin kunun simintin da muke fara turawa don jiƙa bututu ɓarna ce. Waɗannan da baki ake gamawa da su. Masu wuya su ne 'yan kallo. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin irin injin nan ba, duk garin da muka sauka sai an taru. Mukan kewaye wurin da igiya. Yara ka daka musu tsawa su watse. Manya fa? Wa zai daka wa dattijo tsawa a garinsu?

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aiki ya ƙaru, musamman na masallatai, kowane gari yana son faɗaɗa nasa. Da an kira salla kasuwa kan tsaya cak. Mu kuwa kankare ba ya jiran kowa, in ka bar shi a bututu cikin zafin rana sai dai ka fasa da guduma. Isuhu ya je ya tambayi wani malami, aka ce mu riƙa yi kashi biyu, wasu su yi salla wasu na tsaron inji, muddin ba a fita lokaci ba. Haka muka riƙa yi.

A shekarar ce kuma na yi aure. Shatu sunanta, 'yar Banga, ubanta Bafulatani ne mai shanu da gona. Da farko bai so ba, ya ce mutumin da ba shi da ko akuya, kullum jikinsa fari fat da siminti, da me zai riƙe iyali? Daga baya ya amince, kuma bai taɓa goranta mini ba. Kun san yadda ake da suruki a wurinmu, balle na Fulani. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je Banga daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Sunansa kuwa, ko wani mai irin sunan na haɗu da shi, sai in ce masa Malam.

To, sai aikin Zurmi. Daɓen sabon ɓangaren masallaci za mu zuba, ranar kuma ta faɗo ranar kasuwa. Injin yana bayan tsohon bango, inda Isuhu ba ya ganina, don haka muka tsayar da wani abokin aikinmu Garba a kusurwa, ni in ba shi alama da hannu, shi ya ba Isuhu. Gab da azahar injin kwaɓi ɗaya ya tsaya, kwando ya yi ƙasa, muka ji injinmu ya yi wannan tarin da ke nuna ya haɗiyi iska. Aka kashe, aka shiga gyara, muka yi salla kashi-kashi. Da aka gama, na kwantar da tiyo a kan katako, na ɗaure shi a turke, na kori leburori baya, ni ma na ja gefe. Na duba, wurin fayau. Na ɗaga hannu, Garba ya juya ya ɗaga wa Isuhu, inji ya ɗauki ruri.

A daidai lokacin jama'a suka fito daga rumfar da ake salla. Shugaban kwamitin masallaci ya ɗaga igiyarmu da hannunsa, ya shigo da wasu dattawa baƙi don ya nuna musu aiki. A cikinsu na hango malafa da sanda a saɓe a kafaɗa. Surukina ne. Ashe ya kawo bijimai kasuwa, ya ji an ce mijin 'yarsa na aiki a masallaci. Daga baya aka gaya mini yana tafe yana ce wa abokansa, "Ku taho ku ga aikin yaron wajena." Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Ya wuce sauran, ya tsaya a bakin tiyo. Babu abin da ke fita. Na ga tiyon ya sandare, yana rawa a kan katako kamar mai jin sanyi. Na yi ta kaɗa wa Garba hannu a kashe, shi kuwa fuskarsa na wajen Isuhu. Tsohon ya dafa sandarsa, ya sunkuya zai leƙa.

"Baba!" na ce. "Baba, ja baya!"

Dattawa sun fi biyar a wurin, kowannensu Baba ne, ga rurin inji. Ko motsi bai yi ba. Sai na ji bakina ya kira sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba Alhaji, da irin muryar da ake kiran yaron da ya shiga gonar mutane. Ba zan maimaita muku shi ba. Ya ɗago a firgice, ya kalle ni cikin ido, karo na farko tun da na san shi. Kafin ya gane abin da ake ciki na iso, na cakumi wuyan rigarsa, na sa masa ƙafa, muka zube tare cikin ɗanyen kankare.

Ƙarar da ta biyo baya har a kasuwar shanu an ji ta. Tsakuwa ta wuce ta inda kansa yake, ta farfasa katakon da ke tsaye a gaba. Tiyon ya tsinke igiyar turke, ya yi sama, ya dawo ya same ni a kafaɗa. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Isuhu ya kashe inji, wuri ya yi tsit.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Na ɗago na ga tsohon kwance, malafa ta yi nata wuri, rawani ya warware, kankare ya rufe masa rabin fuska da gemu, ya cika masa riga. Ku kun san abin da ɗanyen siminti ke yi wa fata da ido in ya jima. Mutanen wurin ba su sani ba, sai salati suke suna cewa a kai shi gida ya canza kaya. Na ce ba inda za shi. Da hannuna mai lafiya na ja shi bakin duron ruwa, na ce wa Garba ya cire masa riga. Tsohon yana riƙe rigar, muna ja. A gaban kasuwa guda muka tuɓe shi daga shi sai wando, na tura kansa ƙasa, na buɗe masa ido da yatsuna ina kwara ruwa, na cuɗa gemunsa kamar ina wanke ɗan akuya. Mutumin da ban taɓa ganin tsakar kansa ba. Wasu samari a bayan igiya suka kasa riƙe dariya. A nan wani ya ce, "Kai, wanga ya ka da suruki!" Kafin la'asar sunan ya zagaye Zurmi.

Tsohon ya miƙe. Wani ya miƙa masa mayafi ya yafa, ya ɗauki sandarsa, ya bi ta bayan masallaci. Ko cinikin bijiman bai tsaya ƙarasawa ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Maɗori a Kaura ya ɗaure mini kafaɗa, na yi watanni ba na iya ɗaga ko buta. Kafin in warke kwangilar ta ƙare, aka ja injin aka mayar Kaduna. Labarin da ya isa Banga kuwa ba tiyo a cikinsa, cewa aka yi Lawali ya kira surukinsa da suna, ya yi kokawa da shi, ya tuɓe shi a kasuwa. Shatu na da ciki na fari. Wata safiya wanta Dikko ya zo da babur, ya tsaya a ƙofar gida, ko zama bai yi ba.

"An ce in taho da ita."

"Lafiya dai?"

"Haihuwar fari a gida aka yin ta. Ko kai ba ka san wannan ba ma?"

Al'ada ce, ba ni da ta cewa, amma cikin bai kai lokacin tafiya ba, kuma wannan "ma" ɗin da ya ƙara na ji ta. Shatu ta haɗa kayanta tana kuka. A bakin ƙofa ta ce mini a hankali, "Ka zo ka ba Baffa haƙuri mana." Haka suke kiran tsohon a gida. Na ce to. Ban je ba. Sau da yawa nakan hau babur in kama hanyar Banga, in na hango bishiyoyin garin sai in tuna idonsa a cikin nawa, in juya. Na daina zuwa kasuwar Zurmi. A nan Kaura ma sai na riƙa bin lungu, don 'yan dako abokaina na dā suna ganina za su fara, "A gaida na Zurmi, a gaida mai abin kunya." Na ji an ce wasu dangi sun ba Dikko shawara a kai ni gaban alƙali a raba auren, tsohon ya ce duk wanda ya kai maganar nan waje ba shi ba shi. Ban san yadda zan fassara wannan ba. Na ɗauka ba ya son a sake tona abin da aka yi masa ne.

Isuhu ne ya zo har ɗakina daga Galadi, ya same ni kwance da rana tsaka.

"Kai, tashi. Da ka yi shiru ranan nan, da yanzu mi aka ciki?"

"Da an yi sadakar arba'in," na ce.

"To kunyar mi kaka ji?"

Na ce masa shi ba zai gane ba, ba shi ya wanke gemun ba. Ya ce gaskiya ne.

Bayan an yi girbi aka aiko cewa Shatu ta sauka, namiji. Ranar suna ba makawa sai na je. Isuhu ya raka ni. Na zauna can ƙarshen tabarma, kaina ƙasa, ina jin idanun mutane a wuyana. Tsohon bai fito ba, aka ce yana wajen shanu. Ni na riga na gaya wa liman sunan mahaifina nake so. Ana shirin yanka rago sai Dikko ya zo ya durƙusa kusa da ni, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Baffa ya ce a faɗa maka magana biyu. Ta fari, shi ya tsallake igiyarku, kuma tun ranan nan kunyarka ta hana shi shiga Kaura."

Na kasa ɗago kai. Wata da watanni ina ɓuya daga mutumin da shi ma ɓuya yake daga gare ni.

"Ta biyu, ya ce in ka yarda, sunan da ka kira a Zurmi shi za a sa wa yaron. Ya ce tun da bakinka ya iya shi, a ba ka wanda za ka riƙa kira ba laifi."

Isuhu, da kunnensa ɗaya, shi ya fara jin abin ya fashe da dariya har da hawaye. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce na yarda. Liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗe shi, duk Banga ta ji, wasu na murmushi a cikin rawani.

Bayan arba'in Shatu ta dawo ɗakinta. Da wani ɗan kwangila ya kawo sabon inji na koma aiki, har na kai ga sarrafa shi da kaina. Tun daga lokacin, kafin in tada inji a kowane gari, sai na sa an shimfiɗa tabarma a inuwa nesa da tiyo, in je da kaina in gaida dattawa, in roƙe su su zauna can, in ajiye mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai tsaron igiya. Mai ba da alama kuma ba ya ɗauke ido daga mai tiyo, ko da me ake yi a bayansa. Kuna ganin kamar ɓata lokaci nake in na yi haka. Ku yi ta gani.

Ni da tsohon ba mu taɓa tada maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. In na je Banga na durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon shanunsa, sai dai gaisuwar takan ɗan fi ta dā tsawo, yakan ƙara da, "Ya kafaɗa?" In ce da sauƙi. Yaron kuwa ya girma, ya yi karatu a kwalejin nan ta Kaura, yanzu har ya yi iyali. Izinin da kakansa ya ba ni ban taɓa amfani da shi ba. Baffa nake ce wa yaron.